Jan Zare a Hannun Hagu

Duk sallar da kuka taru a gidan nan, sai na ji ɗayanku yana ba yara labari wai ni na koya wa direbobin Kawo tuƙin hannun dama. Bara ma na ji Sani ya ƙara wa zancen gishiri, wai gwamnati ce ta aiko da mota har Unguwar Shanu aka ɗauke ni. Ina jin ku nakan yi shiru, domin tsoho ma yana son yabo, kada wani ya ruɗe ku. To amma yanzu da idona ya yi hazo, likita kuma ya raba ni da sitiyari, na ga gara in gyara zancen nan da bakina tun ina da sauran ƙarfi. Babu gwamnatin da ta aiko. Abin da ya faru a shekarar da aka koma hannun dama bai kai girman abin da kuke faɗa ba, kuma ba ni ne gwanin labarin ba. Akwai abin kunya a cikinsa, nawa ne, zan kuma faɗe shi yadda yake.

Kun san ni mutumin ƙasar Damagaram ne a Nijar, daga wani ƙauye kusa da Matamaye, kuma sunan da aka raɗa mini Lawali. Yau kuna faɗin haka ba ko ɗar, har jikokina na tsokanata wai ni Bafaranshe ne. Amma shekara biyu cur na yi a Kaduna ina ɓoye asalina kamar kayan sata. Na sauka a tashar Kawo yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuma duk inda ka zauna hirar da ake yi ke nan ta mutanen da aka koro daga Gana don ba 'yan ƙasa ba ne, suna ta isowa da ƙullin kayansu a ka. Wani kamasho a tashar, wanda ya bar ni na kwana a rumfarsa, yana jin bakina ya gane ni.

"Kai samari, daga Faransa kake ko?" Haka suke kiran ƙasarmu a lokacin.

Na ce, "Daga Matamaye nike."

Ya ce, "To ka ji abin da aka yi wa baƙi a Gana. Wa ya san gobe? Tsakaninku da Daura ai taku kaɗan ne. Daga yau kai Lawal ne, mutumin Daura. Ka daina cewa lahiya, ka riƙa cewa lafiya, ka ga ko akwai mai tambayarka."

Ba mugu ba ne, taimako ya yi nufi, ni kuma tsoro ya riga ya cika mini ciki, ban yi gardama ba. Gyara baki bai ba ni wuya ba, cikin wata guda na iya. Hannu ne ya ƙi. Shekara shida na yi a ƙarƙashin maigidana Haruna, direban kamyo, wato babbar motar ɗaukar kaya, muna yawo tsakanin Damagaram da Maraɗi da Tanut. Shi ya ɗora hannuna a sitiyari, shi ya tsaya mini na samu farmi, abin da kuke kira lasin. A can kuwa hannun dama ake bi, a nan Nijeriya ana bin hagu. Da na samu lasin Nijeriya, Allah ya haɗa ni da aiki a Doka, gidan Alhaji Garba, babban ma'aikacin gwamnati, ina kai shi ofis ina kai 'ya'yansa uku makaranta. Kwana na uku da fara aiki, na sauke yara ina dawowa ni kaɗai, titi ba kowa, hankalina ya tafi gida. Ban farga ba sai ga ni na shiga shataletale ta dama, ga wata tifa ta nufo ni gadan-gadan. Yadda na kauce, Allah kaɗai ya sani. Direban tifar ya zage ni tun daga kakana na farko. Daga nan kasuwa na wuce, na sayi jan zare irin na masu ɗinkin hula, na murɗa shi na ɗaura a wuyan hannuna na hagu. Na ce wa kaina duk gefen da zaren nan yake, nan ne gefena. Wanda ya tambaye ni sai in ce maganin ciwon jijiya ne.

Alhaji Garba mutum ne mai barkwanci, in mun shiga mota gidan gaba yake zama kusa da ni, ba ya son zaman baya irin na manya. Amma abu ɗaya ne ba ya yafewa, wato ƙarya. Na ga ya sallami kuku a kan farantin tangaran, ba don ya fasa ba, sai don ya ce kyanwa ce ta ture. Da wannan mutumin nake zaune kullum, yana tsokanata.

"Mutumin Daura, yaya rijiyarku? Har yanzu da ruwa?"

"Da ruwa, ranka ya daɗe."

"Zurfinta fa, gaba nawa?"

Sai in ƙaga wani abu in faɗa. Ni kuwa Daurar da na sani ita ce tasha da teburin wani mai shayi, ranar da na ratsa ta zan zo Kaduna. Kullum ya yi mini irin wannan tambaya sai in ji gumi yana bin bayana. Ga shi kuma yana sona, har ya yi mini alkawarin zai sa ni cikin direbobin ma'aikatarsu, aikin gwamnati mai fansho, in dai na kawo takardar shaida daga hakimin garinmu. Na riƙa ja masa lokaci ina tunanin yadda zan samo takardar. A wannan tsakanin ne na auri mahaifiyarku Hajara. Ita da mahaifinta ban ɓoye musu ba, tun kafin a kai goro na faɗa. Tsohon ya ce shi bai ga abin ɓoyewa a nan ba, amma sirrina ne, ba zai kai shi kasuwa ba.

Motocin ƙasarmu suna da gefen da suke tsayawa a tashar Kawo, can ta baya. Shekara biyu ban taɓa taka wurin ba, don kada wani ya san ni. Ma'anar wannan kuwa ita ce shekara biyu ban aika wa mahaifiyata Mariyama ko gaisuwa ba. Kullum ina ce wa kaina bari in samu aikin gwamnati tukuna, in zauna da gindina. Wata rana da la'asar Hajiya Asabe, matar Alhaji, ta aike ni tasha in karɓo buhun shinkafa da aka aiko mata. Ina zaune a teburin mai shayi cikin direbobi 'yan'uwana ana ta raha, sai na ji murya daga bayana, muryar da ko a kabari na ji ta zan gane.

"Lawali! Lawali ɗan Mariyama!"

Maigidana Haruna ne. Ya ƙara furfura, yana sanye da tsohuwar rigarsa mai tabon baƙin mai, ya buɗe hannuwa yana nufo ni, fuskarsa kamar an yi masa albishir da Makka. Ashe ya samu wani mai kaya da ke turo shi Kaduna da wake. Direbobin nan duk suka juyo suna kallona. Ba zan yi wa kaina kwaskwarima ba, ga abin da na ce.

"Baba, ka ɗauke ni wani ne. Ni Lawal ne, mutumin Daura."

Ya tsaya cik. Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya daɗe yana duba, sannan ya sauke hannuwansa a hankali.

"To, yi haƙuri samari. Kama ce, ido ya tsuhwa. Yaron da nike nema, uwarsa ce ta ba ni saƙo."

Ya juya ya tafi. Shayin da ke gabana ban iya ƙarasa shi ba. Da na koma gida na faɗa wa mahaifiyarku, lokacin tana da cikin fari, tana tankaɗe a tsakar gida. Ba ta ɗaga murya ba, ba halinta ba ne, amma da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi.

"Malam, mutumin da ya koya maka abin da muke ci da shi ka ce ba ka sani ba?"

"Hajara, mutane ne a wurin."

"To in na haihu fa? Ranar suna ma ai mutane ne a wurin. In aka ce ina dangin uba, wace Daura za ka nuna musu?"

Kwanaki na yi abinci ba ya mini daɗi.

Ana cikin haka rediyo ya fara shela safe da yamma cewa ƙasa za ta bar hannun hagu ta koma dama. Ku da kuka taso kuka tarar da abin a haka ba za ku gane irin tsoron da aka shiga ba. A majalisa ana cewa ranar sai an ƙaro masu haƙa kabari. Tsofaffin unguwarmu suka ce ba za su ƙetare kwalta ba sai bayan wata guda. Hajiya Asabe ta rantse 'ya'yanta ba za su shiga mota ba, in ya so karatun ya jira. Duk Kaduna ina jin ni kaɗai ne abin ya yi wa daɗi, kamar wanda aka ce ya cire takalmin da ya matse shi. Amma dole in ɓata fuska in yi ta salati tare da mutane, in ce kai wannan abu Allah ya kawo shi da sauƙi.

Saura mako uku, Alhaji ya kira ni gindin mangwaron ƙofar gidansa.

"Lawal, ba na shakkar tuƙinka. Amma kai tun kana yaro hannunka ya saba da hagu, kuma ran 'ya'yana ne a motar nan. Na sa a nemo mini dattijo cikin direbobin Faransa da ke zuwa Kawo, ya koya maka na kwana goma. In ya ce ka iya, shi ke nan. In ya ce da saura, zan nemi ɗan ƙasarsu ya riƙa kai yara, kai kuma mu ga abin da za a yi da kai."

Ku duba wannan al'amari. Aikina zai kuɓuce, a ba wani don shi ɗan Nijar ne, ni kuwa ina tsaye na kasa buɗe baki. Washegari da hantsi aka kawo mai koyarwar. Ba su da yawa masu zuwa Kaduna daga can, kuma dattijonsu ɗaya ne, motarsa ta lalace yana jiran a kawo masa ƙarfe daga Kano. Ina wanke mota na ɗaga kai, sai ga maigidana Haruna yana shigowa. Na ce yau kam tawa ta ƙare. Kalma ɗaya zai faɗa in rasa aiki da mutunci gaba ɗaya, kuma da ya faɗa ba zan ce ya zalunce ni ba.

Alhaji ya ce, "Malam Haruna, ga ɗalibin naka. Lawal, mutumin Daura."

Maigida ya miƙo mini hannu kamar yau ya fara ganina.

"Sannu samari. Allah ya sa kanka na ja."

Akwai wani fili bayan Kawo ta hanyar Zariya, yanzu duk gidaje ne. Nan muke zuwa kowace safiya. Ya jera duwatsu da gwangwanaye ya yi titi, ya yi shataletale, ya shiga ya zauna kusa da ni, ya fara koya mini daga farko, da kalmomin nan nasa da ya koya mini ina ɗan shekara goma sha bakwai. Ni kuma don kada abin ya yi yawa, sai in riƙa yin kuskure da gangan, in karkata hagu, in ture gwangwani. Shi kuma sai ya fita ya gyara gwangwaninsa ya dawo. Yana ganin yadda nake buga sitiyari sau biyu da tafin hannu in yi bisimilla kafin in tayar da mota, wanda duk duniya a wurinsa na ɗauka. Yana ganin hannuna na dama yana zarcewa neman giya a inda babu ita, don a kamyo ta dama take. Ya ga jan zaren ma, ya tambaye ni, na ce maganin jijiya ne. Ya ce Allah ya sawwaƙe. Kwana tara muna haka, bai taɓa kirana da wani suna ba sai samari. Wallahi da ya zage ni, ko ya mare ni kamar yadda yakan yi da can in na ƙona masa kuloci, da na samu sauƙi. Ladabin nan da yake yi mini shi ne ya riƙa cina.

Rana ta goma muka gama, na kashe mota. Maigida yana kallon gaba ya yi magana.

"An kawo ƙarhen motata. Jibi in Allah ya so zan tahi gida."

"Allah ya kiyaye hanya, Baba."

"Amin. Samari, kai da kake zaune garin nan, ko Allah zai sa ka gamu da wani yaro, Lawali. Uwarsa ba ta neman komai gare shi. Cewa ta yi in dubo mata ko yana da rai. In babu, a hwaɗa mata, ta yi masa sadaka ta huta. Kullum aka ji ƙarar mota sai ta hito ƙohwar gida."

Na riƙe sitiyari da hannu biyu.

Na ce, "To me za ka ce mata?"

"Zan ce ban same shi ba. Ni ba ni ƙarya, ka sani. Kuma ai ban same shi ba."

Da la'asar muka koma Doka. Alhaji yana kan kujerarsa a gindin mangwaro, Hajiya tana leƙe ta taga don ta ji hukunci. Maigida ya tsaya ya ce, "Alhaji, ka ba shi 'ya'yanka ka yi barci. Wannan ko ni ban hi shi ba." Alhaji ya yi dariya ya ce ai mutanen Daura ke nan, ya yi masa godiya, ya ce in mayar da shi tasha. Ku lura da kyau, a daidai wannan lokaci komai ya zauna mini. Aikina ya tsira, asirina a rufe, aikin gwamnati na jirana, ba wanda ya matsa mini. Maigida ya juya ya nufi mota, na ga bayansa, ya ɗan ranƙwafa, yana jan ƙafar nan tasa ta hagu da kuloci ya cinye. Na tuna jibi war haka zai tsaya a ƙofar gidanmu ya ce wa tsohuwa bai same ni ba. Ban san lokacin da gwiwoyina suka kai ƙasa ba.

"Ranka ya daɗe, ina da magana. Ni ba mutumin Daura ba ne. Sunana Lawali, daga ƙasar Damagaram. Wannan dattijo maigidana ne, shekara shida ina ƙarƙashinsa, shi ya koya mini tuƙi. Na gan shi a tasha na ce ban san shi ba."

Dariyar Alhaji ta ɗauke. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar. Ya dubi Maigida, Maigida ya sunkuyar da kai.

"Rijiyar da kake faɗa mini zurfinta fa?"

"Ban taɓa ganinta ba, ranka ya daɗe."

"Wa ya ce maka ina da rigima da mutanen Nijar? Direba na nema, ban nemi ɗan sarki ba. Da ka ce mini daga bangon duniya kake, da na ɗauke ka. Amma shekara biyu kana ɗauke da 'ya'yana, ina zaune kusa da kai, ina kiran ka da sunan da ba naka ba, kana amsawa."

Na ɗauka sallama ce za ta biyo. Sannan ya ce ba zai kore ni ba, tunda da bakina na faɗa, amma zancen aikin gwamnati in cire shi daga raina, don shi ba zai sa hannu a takardar da aka gina kan ƙarya ba. Ya tashi ya shige gida. Kada ku ɗauka abin bai yi mini ciwo ba. Waɗanda suka samu aikin nan a wannan shekara sun yi ritaya da fanshonsu, ni kuwa na yi ta tuƙi har idona ya gaza. Akwai shekarun da in kuɗin makarantarku ya matse ni nakan tuna da gindin mangwaron nan in yi tsaki. Amma ko sau ɗaya ban ce da na sani ba.

Na ɗauki Maigida muka kama hanyar Kawo, har muka wuce kasuwa. Can sai na ji tafi a ƙeyata, irin na da.

"Lawali, rage wuta! Har yanzu ƙahwarka nauyi gare ta a totur, ja'iri."

Na tsayar da mota gefen titi na kifa kai a sitiyari na yi kuka kamar yaro, shi kuma yana faɗa yana share ido da hannun riga, wai kwana goma na sa shi yana ɗaukar gwangwani a rana kamar mahaukaci. Ranar na shiga bayan tasha da ƙafata, na gaisa da mutanenmu ɗaya bayan ɗaya. Mahaifiyarku ta ɗauko turmin atamfa cikin kayan aurenta ta ce a kai wa surukarta, muka haɗa da hotonmu. Na ce wa Maigida ya ce wa Inna ya same ni.

Alhaji kuwa ya koma zaman gidan baya. Daga ina kwana sai tsaya nan, ba tsokana, ba hira, ba ya ma kiran sunana, ko na da ko na yanzu. Wannan ya fi rashin aikin gwamnati yi mini zafi. Haka muka yi har ranar da aka sauya hannu, wata Lahadi. Da safe ya ce za mu je duba wani ɗan'uwansa marar lafiya, kuma shi zai tuƙa, don ba zai yiwu a ce babban mutum kamarsa bai iya bin titin ƙasarsu ba. Na zauna kusa da shi. Gari ya yi tsit, motoci ƙalilan ne, kowa yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai, 'yan sanda a kowace mararraba, mutane sun yi cirko-cirko a bakin titi suna jiran su ga karo. Alhaji ya yi ta tafiya daidai yana zufa, har muka iso shataletalen nan da tifa ta kusa kashe ni. Sai na ga hannunsa ya ja hagu da kansa.

"Dama, ranka ya daɗe! Dama!"

Ya fizgo sitiyari, wani mai keke ya watsar da kekensa ya tsere, muka zagaya da kyar muka tsaya gefe. Alhaji ya daɗe yana haki. Da numfashinsa ya dawo sai idonsa ya sauka a wuyan hannuna.

"Wannan zaren fa? Shi ma na Daura ne?"

Na ba shi labarin tifa, da yadda na shekara biyu ina duba zaren nan a kowace kwana don in tuna inda nake. Ya ƙura wa titi ido. Ina jin a ranar ya fara sanin yadda mutum yake ji in hannunsa ya saba da wani abu, gari kuma ya ce ba haka ba. Sai ya naɗe hannun babbar rigarsa ya miƙo mini hannun dama.

"Kai yanzu ba ka da bukatarsa. Ɗaura mini, Lawali. Lawali ne ko?"

"Lawali ne, ranka ya daɗe."

Na kwance zaren, inda yake ya yi fari a fatata, na ɗaura masa. Wata biyu yana zuwa ofis da shi, wanda ya tambaye shi sai ya ce maganin jijiya ne, ya kalle ni ta wutsiyar ido.

Koyarwar da kuke ta yayatawa kuwa, ga iyakarta. Labari ya bazu a tasha cewa Lawal ɗan Faransa ne, wasu suka yi mini dariya, wasu suka ce dama sun sani. Direbobi bakwai ko takwas da tsoro ya hana su fita suka same ni, na kai su filin nan na jera musu gwangwanayen Maigida. Shi ke nan. Daga nan aka fara kirana Lawali Damagaram, sunan da ya bi ni har yau, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya kore ni. Da damina ta faɗi aka haifi yayanku. Ranar suna mutanen bayan tasha kaf suka zo, suka cika layinmu da surutu, mahaifiyarku ta samu dangin uba har sun yi mata yawa. Yanzu kun san dalilin da ya sa sunan yayanku Haruna.

Bayan an yi arba'in, Alhaji ya miƙo mini makullin motarsa ya ce kwana biyar, in kai yaro ya ga kakarsa, in kuma na ratsa Daura in tsaya in leƙa rijiyar nan in zo masa da gaskiyar zurfinta. Muka kama hanya da sassafe, mahaifiyarku a baya da jariri. A da, in mota ta isa kan iyaka, sai direba ya tsaya ya sauya hannu, ya sauya tunani, kafin ya wuce. Ina isa wurin na rage wuta, ina neman abin da zan sauya, sai na ga babu. Jandarma, wato ɗan sandan Nijar, ya duba takarduna, ya karanta sunana, ya ɗaga sanda. Gefen da na taso a kai daga Unguwar Shanu, a kansa na shiga ƙauyenmu.

Tun daga nesa na hango ta a ƙofar gida, ta ji ƙarar mota ta fito, ta sa tafin hannu a goshi tana kare rana. Atamfar ce a jikinta. Na kashe mota na fito. Ta matso ta kama fuskata da hannu biyu tana dubawa.

"Wane ne wannan?"

Ta gane ni sarai. So take ta ji daga bakina.

Na ce, "Lawali ne, Inna. Lawali ɗan Mariyama."